Hannun Baba Mai Aski

9 ga Janairu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, aiki da sauƙi, kuma kin daina cin abinci a tsaye kamar mai gadi. Mu nan lafiya lau, sai murar da ta zagaye gidan ta ƙare a kan maigidana. Shi kuwa kin san shi, in mura ta kama shi sai ki ce wasiyya zai bari. Yara sun koma makaranta, ni ma na koma. Bana aji uku aka ba ni, yara hamsin da biyu, fanka ɗaya.

Kin ce in daina wahalar da biro in riƙa kiran waya kamar kowa. A waya me ake faɗa? Ina kwana, ina gajiya, sai Baba ya karɓe ya cinye sauran lokacin da labarin 'yan bencin shagonsa. Ki bar ni da takardata.

Baba yana nan daram, ƙarfe bakwai ya buɗe shago. Ya canza fatar kujerar aski, amma madubin nan mai tsaga a kusurwa ya ce ba mai raba su. Abin dariya, ya dawo da wasansa na da. Kin tuna yadda yake yatsine fuska a madubi, ya karkace baki gefe guda, ya ɗage kafaɗa, don yaron da ke kuka ya tsaya a yi masa aski? To yanzu har manya yake yi wa. Ranar Talata na biya kai masa abinci, na same shi yana gyara wa tsohon hedimastanmu gemu, sai kawai ya yi masa ita, kafin ƙiftawar ido ya saki. Mutumin ya ce, "Ni ma yaro ne?" Baba ya ce shi bai yi komai ba. 'Yan benci suka yi ta dariya. Kin san halinsa, ya yi tsiyarsa ya fuske.

Almakashi ya suɓuce masa sau biyu ina tsaye. Na ce tsufa ya fara sallama, ya ce in fita masa daga shago.

Kowa yana gaishe ki. Ki riƙa cin abinci.

Yayarki

2 ga Fabrairu

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya ƙalau, kuma a zaune nake cin abinci, sai dai a zaune a gaban na'ura. A yi wa maigidanki sannu, a ce masa mura ba ta taɓa kai kowa lahira ba in dai ya sha ruwa ya kwanta.

Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Baba da hedimasta! Ni fa har na kai shekara goma yana yi mini wannan fuskar in na ƙi shan magani. Ki gaya masa ni ma da kawunan mutane nake cin abinci, sai dai shi yana cire gashi, ni kuwa raba shi nake yi in manna ƙananan wayoyi ashirin da ɗaya a fatar kai. Na'urar sai ta zana mini motsin wutar da ke cikin ƙwaƙwalwa, layi-layi a allo, in ware inda na ga abin ya bambanta in kai wa likita. Yawanci masu farfaɗiya ake turo mini. Wannan watan mu biyu ne kawai a sashen, ɗayar kuma ciki gare ta, don haka in kin ji ni shiru ba wulaƙanci ba ne.

Maganar almakashi, ina ga ido ne. Tabaraunsa ya fi shekara shida. Ki lallaɓa shi a gwada masa sabo, kuma ya riƙa rufe shago da rana ya ɗan miƙe. Na san ba zai ji ba, amma a faɗa.

Ki shafa mini kan yara.

Autarku

14 ga Afrilu

Auta,

Sallama da fatan alheri. Yara lafiya, maigidana lafiya, ni ma ba inda ke mini ciwo. Baba ne dai ba daidai ba, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

An canza tabarau tun wancan watan, bai hana komai ba. Ranar Alhamis da ta wuce yana yi wa mai kantin fenti gyaran fuska, aska na gefen kunne, hannunsa ya fizga. Ya tsaga masa kunne, sai da aka yi ɗinki huɗu. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, ya ce tsautsayi ne. Amma shekara arba'in da ɗaya Baba yana riƙe da aska bai taɓa fitar wa kowa jini ba, kuma layin nan kaf sun sani. Washegari ba wanda ya hau kujerar. 'Yan benci sun zo, sun yi hira, sun tashi da sumarsu.

Sai a lokacin mutane suka fara faɗa mini abin da suka gani. Wani ya ce Baba ya aske masa rabin kai ya cire masa tawul ya ce an gama. Wani ya ce ya tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa sau uku a zama ɗaya. A gida ma haka, ya ci abinci, a ɗauke kwano, ya ce yau ba za a ba shi abinci ba ne?

Kawu ya zo ya sa wa shagon kwaɗo ya tafi da makulli. Ya ce rikicin tsufa ne, babansu shi da Baba ma haka ya yi, a bar shi ya huta a gida, kada a yi ta yawo da dattijo asibiti-asibiti ana kallonsa. Ni ma abin da na zata ke nan.

Amma ranar Asabar na zauna kusa da Baba da tsohuwar rajistar aji, duk lokacin da fuskar ta karkace in sa alama. Auta, ba wasa yake yi ba. Bakin da hannun dama tare suke tafiya, daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya saki. Bai ma san ya yi ba. Daga azahar zuwa la'asar na sa alama goma sha tara. Kofin shayi ya zubar a cinyarsa sau biyu.

Na ɗauki bidiyo da waya, zan tura miki yau. Ki duba ki gaya mini ko irin abin da kike gani ne a wurin aikinki. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Yayarki

17 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya ba Baba lafiya. Na kira ki shekaranjiya ina ta zuba, na san rabin abin da na faɗa bai shiga ba. Ga shi a rubuce, ki tafi da shi asibiti.

Na nuna wa babbar likitarmu bidiyon. Ta kalla sau uku, ta tambayi shekarunsa, ta tambaya ko ya fara mantuwa. Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan wanda ba ta gani ba, amma wannan fizgar ta fuska da hannu tare, gajeriya, sau da yawa a yini, ta san ta. Tana zargin kumburin ƙwaƙwalwa ne irin wanda garkuwar jikin mutum ke jawowa da kanta. Ba ƙwayar cuta ba ce ta shiga daga waje, kuma ba tsufa ba ne, Kawu ya yi haƙuri.

Bari in faɗa miki yadda na fahimce shi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba su zaman kansu, a haɗe suke, kowace tana aika wa dubbai saƙo da 'yar ƙaramar wuta. A mahaɗarsu akwai wani sinadari da aikinsa shi ne hana su saurin zabura. Ki ɗauka bencin shagon Baba ne, ana hira bi da bi, kuma akwai dattijon da ke cewa "ku bari ya gama". To garkuwar jikin Baba ta yi kuskure, ta ɗauki dattijon nan baƙo ne, tana fitar da shi. In babu shi, ɗaya ya yi tari sai bencin gaba ɗaya ya ɗauka da ihu lokaci guda. Wannan ihun shi ne fizgar da kike ƙirgawa. Kuma wurin da abin ya fi kamawa shi ne inda ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu, shi ya sa yake tuna askin shekara talatin amma ba ya tuna ya ci abinci.

Abin da ya sa nake gaggawa: likitar ta ce fizgar ce ke fara zuwa, mantuwa ta biyo baya. In an kwantar da garkuwar jikin da wuri, yawanci fizgar tana tsayawa, hankali ya tsira. In an daɗe, wurin ajiyar nan yana iya ƙanƙancewa, abin da ya tafi kuma ba lalle ya dawo duka ba. Maganin farfaɗiya shi kaɗai ba ya cika yin aiki a kanta.

Ki kai shi babban asibiti, wurin likitan ƙwaƙwalwa. A sa masa na'ura irin tawa. A ɗauki hoton kai, a auna gishirin jininsa, a ɗebi jini a nemi abin da ke yaƙar ƙwaƙwalwar. Ki nuna bidiyon, ki nuna rajistarki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce wata da watanni yana wannan a gaban mutane, ba wanda ya ce uffan.

Autarku

26 ga Mayu

Auta,

Sallama. Muna nan da rai. Na ga kiranki, na ga saƙonninki, kuma na san amsar "lafiya lau" da nake ba ki ba ta ishe ki ba. Da gangan na yi. Raina ne a ɓace, kuma kin san ni, in na buɗe baki a haka ba daɗi zai fito ba.

"Ba wanda ya ce uffan." Wato ni. Ni da nake tashi daga aji da alli a hannu in wuce shago, in wuce gida, in wanke masa wandon da ya zubar wa shayi. Ke kina can kina manna wayoyi a kan iyayen wasu. To ki ɗauko takardata ta watan Janairu ki sake karantawa. Na rubuta miki baki, na rubuta miki kafaɗa, na rubuta miki almakashi. Ni malamar aji uku ce, na ɗauka wasa ne. Ke da aikinki ke nan, dariya kika yi, kika ce a canza tabarau.

Na kai shi asibitin duk da haka, Kawu yana ta faɗa. An sa masa na'urar taki, minti talatin. Fizgar ta zo masa sau huɗu alhali wayoyin na kansa, da idona na gani. Takarda ta fito, likitan ya ce fes take, babu alamar farfaɗiya. Hoton kai ma ya ce bai ga abin tayar da hankali ba. Gishirin jini ne kawai ya yi ƙasa. Gwajin jinin da kika ce, ba a yin sa a nan, sai an aika wani wuri, kuma ya ce tunda na'ura ba ta nuna komai ba bai ga dalili ba. Ya rubuta ƙwayoyi ya ce mu dawo bayan wata uku. Gaskiya na ji sanyi a ranar. Na ce tunda na'urar Auta da kanta ta ce ba komai, shi ke nan.

Yau wata guda yana shan ƙwayoyin. Jiya alama saba'in da uku na sa. Ranar Laraba ya fita da safe ba wanda ya gani, aka same shi zaune a bakin shago da jakar kayan askinsa a cinya, ya ce yana jiran mai makulli, amma ya kasa faɗin wane ne. Da na je ɗauko shi ya daka mini tsawa a gaban mutane, ya ce ni na sace masa shago. Baban da bai taɓa ɗaga mana murya ba.

Kawu ya ce ga shi nan, ya faɗa. Ni kuma ban san wa zan bi ba. In kina da magana ki faɗa, amma kada ki sake gaya mini ba wanda ya ce uffan.

Yayarki

29 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki tun kafin in ce komai. Wallahi da 'yan benci nake, masu zama suna dariya. Amma na sake karanta layin, in ni ce ke ma haka zan ɗauka.

Na ɗauko takardar Janairu. Komai yana ciki, har gefen da bakin ke karkacewa. Da baƙuwa ce ta zo sashenmu ta faɗa mini haka game da babanta, da ban bar ta ta fita ba sai ta ga likita. Amma da yake Babanmu ne, fuskar da na sani tun ina ƙarama kawai na gani. Ni na ɓata mana wata uku, ba ke ba.

Akwai laifi na biyu, kuma ya fi na farko. Na san irin wannan fizgar sau da yawa ba ta fitowa a na'urarmu. Gajeriya ce, kuma ana ganin daga can ciki take tasowa, inda wayoyin da ke kan fata ba su cika jiyowa ba. Hoton kai ma yana iya fitowa lafiya da farko. Na sani sarai, amma na sa na'urata a gaba a takardar, ban gaya miki kada ki yarda da ita ba. Takardar da ta fito fes ba ta wanke shi ba. Rajistarki da ƙarancin gishirin nan sun fi ta faɗin gaskiya.

Babbar likitarmu ta rubuta wa likitan naku wasiƙa, ta kuma yi magana da shi ta waya. Ya saurara, ya yarda a kwantar da Baba a fara magani ba tare da jiran sakamakon jini ba, jinin kuma ni zan taho da shi nan a gwada. Na karɓi hutu, ina tafe ranar Litinin. Kawu ki bar ni da shi.

Autarku

20 ga Agusta

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kin warware gajiyar hanya tuntuni, kuma abokiyar aikinki ta sauka lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. An yi hutun makaranta, yara sun cika gidan da hayaniya.

Fizgar ba ta dawo ba. Tun ranar da kika ga na rufe rajista a asibiti, bayan ƙarin ruwan nan na kwana biyar, sau biyu kawai na sake gani, yau kuma sati bakwai babu ko ɗaya. Likitan ya ga sakamakon da kika aiko, ya ce abin da likitarku ta zarga ne, ya ci gaba da rage masa ƙwayoyin a hankali. Sun sa masa kumatu da cin abinci, yana ta mita wai rigunansa sun matse.

Kawu ya dawo da makulli da kansa. Ya hau kujerar ya ce a yi masa tas, har da aska. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, hannun Baba bai ko girgiza ba. Yanzu da safe kawai Baba yake buɗewa, mutum uku ko huɗu, da injin aski. Mai kantin fenti ma ya dawo.

Sauran maganar ita ce ta sa na daɗe ban rubuto ba. Hannu ya dawo, kan ne bai dawo duka ba. Daga wajen watan Maris zuwa Yuli babu komai a wurinsa. Bai san ya yanki kowa ba, bai san an rufe shago ba, bai san ya yi mini tsawa ba. Sabon abu yana riƙewa in an maimaita, wani kuma ya zube kafin yamma. Na liƙa masa takarda a jikin madubi yana rubuta wanda ya zo. Likita ya ce yana iya ƙaruwa cikin watanni, amma kada mu sa rai da duka. Na tambaye shi da an fara tun Janairu fa? Ya ce ba ya son amsa irin wannan tambayar. Ban sake yi ba, ke ma kada ki yi ta yi wa kanki.

Kuma Auta, bai san kin zo ba. Kwana goma sha biyun da kika yi a gefen gadonsa, kina ba shi abinci a baki, kina gyara masa gemu yana cewa ba ki iya ba, duk babu. Na gaya masa ya fi sau goma. Na nuna masa hotonku tare a waya, ya duba ya ce wannan ai tsohon hoto ne. Ya ce in da Auta ta zo, shi ne zai fara sani. Ba ya faɗa, amma abin yana cin sa. Jiya ya ce in ba shi biro, ga abin da ya rubuta. Ban gyara ko harafi ɗaya ba.

Auta 'yar Baba, ina gaishe ki. An ce na yi ciwo har an kwantar da ni, yanzu na ji sauƙi, na koma aiki. Kowa ya zo duba ni. Ban ga laifinki ba, na san aiki ne ya riƙe ki. Amma in kin samu sarari ki zo in gan ki ko na kwana ɗaya ne. Babanki.

Yayarki

23 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Kada ki sake yi masa gardama a kan zuwana, kuma ki daina nuna masa hoton. Ki karanta masa na ƙasan nan.

Baba, ina wuni, ya ƙarfin jiki. Na ga takardarka. Gaskiyarka ne, na daɗe, ka yafe mini. Na karɓi hutu, ina tafe ranar Asabar da motar safe, kuma shago zan fara sauka. In ka manta na faɗa, Yaya za ta sake karanta maka. In kuma na zo na tafi ka manta, ka sake rubuto mini, zan sake zuwa.

Autarka